Kundin Aiki: Fim Kan Wadda Ta Dawo Gida

9 ga Janairu, 2025

Sabon zubin labarin ya kammala, kuma ni da furodusa mun tsayar da magana a kan abu mafi nauyi: ba za a nuna ɗakin da aka tsare yarinyar labarin bayan an sace ta ba. Ba za a ga fuskar wanda ya tsare ta ba, ba za a ji muryarsa ba. Fim ɗin zai buɗe ne da mota tsaye a ƙofar gida. Yarinyar da aka ɗauke tana 'yar shekara 16 tana zaune a baya, yanzu shekarunta 20. An buɗe mata ƙofar motar, uwarta na tsaye tana rawar jiki, amma ita ba ta sauko ba, domin ba wanda ya ce mata ta sauko.

Furodusa ya ja sosai kafin ya yarda. Hujjarsa ita ce mai kallo ba zai tausaya wa azabar da bai gani ba. Tawa kuma ita ce duk kyamarar da ta shiga ɗakin nan ta tsaya a kan yarinya tana makyarkyata, to a gurbin mai tsaron ta tsaya, kuma da idonsa mai kallo zai duba ta. Ina so mai kallo ya zauna a inda iyalinta suke zaune. Su ma ba su ga komai ba. Abin da suka sani shi ne abin da ta ga damar faɗa, da abin da jikinta ya fallasa ba da saninta ba.

Mutum huɗu ne ƙashin bayan labarin: ita, uwarta, ubanta, da ƙanenta ɗan shekara 11 wanda yake riƙe da hannunta ranar da aka ɗauke ta.

27 ga Janairu

Likitar ƙwaƙwalwar da ta amince ta riƙa duba mana aikin ta dawo da rubutun cike da jan biro. Babban abin da ta nema shi ne a rage kuka a kashin farko. Ta ce wanda ya daɗe a hannun wani, sau da yawa ba da kuka yake fitowa ba, da biyayya yake fitowa, irin biyayyar da ke tsorata wanda ya san shi a da.

Ta tura ni ga aikin Albert Biderman, wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, wanda a 1957 ya wallafa abin da ya gano daga sojojin saman ƙasarsa da aka tsare lokacin yaƙin Koriya. Ya lissafa hanyoyi 8 da ake karya mutum da su ko da ba a ɗaga masa hannu ba: a raba shi da kowa, a mamaye hankalinsa, a gajiyar da jikinsa, a yi masa barazana, a wulaƙanta shi, a nuna masa cewa komai a hannun mai tsaron yake, a ɗora masa ƙananan dokoki marasa kan gado, sannan jefi-jefi a ɗan kyautata masa. Ƙungiyar Amnesty International ta sake buga wannan jeri a rahotonta na 1973 kan azabtarwa.

Biyun ƙarshe su ne suka sauya mini kashin farko gaba ɗaya. Daga ƙananan dokokin nan ne neman izini ya samo asali. Za ta tsaya a bakin bayi cikin dare tana jiran wani ya farka ya ce ta shiga. Za ta riƙe kofin ruwa a hannu har sai an ce ta sha. Daga kyautatawar jefi-jefi kuma na samu fitowar da nake ganin za ta fi kowace ciwo: uban ya shigo mata da sabon takalmi, yana murmushi, ita kuwa jikinta ya sandare, idonta na kan hannunsa, domin a shekaru huɗun nan ba a taɓa ba ta wani abu ba tare da an karɓi wani abu daga gare ta ba. Uban bai san dalili ba. Ya ajiye takalmin ya fita yana zaton ta ƙi shi ne.

Tsarin fim ɗin kuma zai jingina da abin da Judith Herman, likitar ƙwaƙwalwa a jami'ar Harvard, ta bayyana a 1992: farfaɗowa na bi ta samun aminci da farko, sai tunawa da yin makoki, sai sake ƙulla alaƙa da rayuwa. Ita ce ta nuna cewa wanda ya daɗe a tsare yana fita da rauni da ya zarce firgicin masifar rana ɗaya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da wannan nau'in cikin kundinta na cututtuka bugu na 11, wanda ya fara aiki a 2022. Ban da mafarkai da gudun duk abin da ke tunatarwa da zama cikin ɗar-ɗar, akwai kasa riƙe fushi ko baƙin ciki, da ganin kai ba a bakin komai ba, da wahalar kusantar mutane. Herman da kanta ta ce ba a bin matakan nan a miƙe. Don haka a kashi na uku yarinyar za ta koma baya, sosai ma.

14 ga Fabrairu

Wannan makon na iyayen ne.

Pauline Boss ta jami'ar Minnesota ta fara bincikenta a shekarun 1970 da iyalan matuƙan jiragen yaƙin Amurka da suka ɓace a Biyetnam, waɗanda ba a ga gawarsu ba, ba a kuma ji suna raye ba. Ta bayyana rashi iri biyu da ba ya barin mutum ya yi makoki ya huta. Ɗaya, mutum ba ya nan amma yana cike da gida. Ɗayan, yana nan a zaune amma wanda aka sani ba ya cikinsa. Wannan iyali sun sha na farko shekara huɗu, kuma ranar da suke murnar ya ƙare suka faɗa na biyu.

Uwar ba ta taɓa cire rai ba. Ba ta canza lambar waya ba, ba ta bari an taɓa ɗakin 'yarta ba. Uban kuwa, a shekara ta biyu ya daina ambaton sunanta. Ya binne ta a zuciyarsa domin ya iya tashi da safe ya nema wa sauran abin da za su rayu da shi. Ba na so mai kallo ya zaɓi ɗaya ya tsani ɗaya. Kowannensu ya yi abin da ya hana shi haukacewa. Amma da ta dawo, uban ya kasa haɗa ido da ita don kunya, uwar kuma ta ga gaskiyarta ta fito, sai ta riƙe yarinyar da hannu biyu. Tana kwana a ƙofar ɗakinta. Tana amsa tambayar da aka yi wa 'yar. Tana kulle ƙofar gida da kanta kowane dare ta sa makullin a ƙarƙashin matashi.

A nan zuciyar fim ɗin take. Uwar nan duk abin da take yi ƙauna ce tsantsa, kuma kusan duk abin da take yi yana cikin jerin Biderman: ita ke yanke wa zai shigo, yaushe za a kwanta, me za a sa. Yarinyar ta san wannan rayuwa, ta ƙware a cikinta, don haka ba ta musu. Uwar na ganin rashin musun nan alamar samun sauƙi ne. Na rubuta wannan sashe da nauyin zuciya, domin babu mugu a cikinsa.

5 ga Maris

Mun zaɓi 'yan wasa. Wadda za ta fito a matsayin yarinyar ba sananniya ba ce. A gwajin, na ba kowace umarni ɗaya: ki zauna a kujerar nan har in dawo. Yawanci sun cika wurin da motsi, da hawaye, da kallon bango. Ita ta zauna a gefen kujerar, tafin hannunta a buɗe kan gwiwa inda za a gan shi, kunnenta na wajen ƙofa. Ban tambaye ta inda ta samo wannan ba, kuma ba zan tambaya ba.

Yaron da zai yi ƙanen ba za a ba shi cikakken labarin ba, shafukansa kawai, kuma mahaifiyarsa za ta kasance a wurin duk ranar da yake aiki.

22 ga Maris

Ana cikin bita jarumar ta tsaya ta ce, "Darakta, shin ta tsani wanda ya tsare ta?" Kafin in ba da amsa wani daga cikin ma'aikata ya ambaci larurar nan da ake dangantawa da birnin Sitokholm, cewa wanda aka tsare yakan kamu da son mai tsaronsa. Muka ajiye bita muka yi ta magana har la'asar.

Asalin sunan fashin banki ne a Sitokholm ta ƙasar Siwidin a watan Agusta 1973, inda aka yi garkuwa da ma'aikata 4 na kwana 6. Nils Bejerot, likitan da ke ba 'yan sanda shawara, shi ake dangantawa da ƙirƙirar sunan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan larura ba ta taɓa shiga kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke tantance cututtuka da shi ba. Natascha Kampusch, wadda aka sace a Biyana ta Ostiriya a 1998 tana 'yar shekara 10, ta kuma kuɓuta a watan Agusta 2006 bayan kwana 3,096, ta ƙi yarda a liƙa mata wannan suna. A ganinta, fahimtar halin mutumin da rayuwarta ke hannunsa dabarar tsira ce, kuma kiran hakan ciwo ƙwace mata haƙƙin bayyana abin da ya same ta ne.

Ina tare da ita ɗari bisa ɗari. Wanda ruwan shanka da haskenka da barcinka ke hannunsa, dole ka karanci fuskarsa fiye da yadda ka taɓa karantar ta kowa. Wannan hankali ne, kuma shi ya dawo da ita da rai.

Daga wannan muhawara aka samu sabuwar fitowa. Uwa da 'ya suna ninke kaya, shiru, sai yarinyar ta ce, "Mama, akwai lokacin da na yi zazzaɓi, ya kawo mini magani." Uwar ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Kada in sake jin kin ambace shi da alheri a gidan nan." Yarinyar ta ce, "To, Mama." Wannan ne karon farko da ta buɗe baki da kanta a kan abin da ya faru, kuma ta koyi cewa akwai gaskiyar da gidan ba zai iya ɗauka ba. Ba za ta sake magana a kai ba sai bayan kusan rabin sa'a na fim.

Amsar da na ba jarumar a ƙarshe ita ce: ta tsane shi, tana tsoronsa, ta san takunsa fiye da na ubanta, kuma wani lokaci takan ji shirun rashinsa. Ki riƙe duka huɗun, kada ki zaɓa.

11 ga Afrilu

An fara ɗauka. Gida ɗaya ne kusan duk fim ɗin. Mai ɗaukar hoto ya ajiye kyamara daidai tsayin idon yarinyar idan tana zaune, kuma ba za mu taɓa ɗaukar ta daga sama ba. A duk ɗakin da ta shiga, ƙofa na cikin hoton, domin ita ma ba ta zama inda ba ta ganin ƙofa.

Mai ɗaukar sauti ya ɓata yini guda a kan makulli kaɗai: shigarsa, juyawarsa, ƙarar ƙarfen idan ya faɗa gurbinsa, daga kusa da kuma ta bayan bango. Tunda mun hana kanmu hoton wancan ɗakin, sauti ne zai ɗauki nauyinsa. Duk dare uwar za ta juya makulli, kyamara na kan bayan yarinyar, a ga kafaɗunta sun ɗaga. Jiki magayi.

Mun kafa doka: idan aka gama aikin yini, jarumar za ta cire kayan wasan, ta wanke fuska, kowa ya kira ta da sunanta na gaskiya, sannan a zauna hira kan wani abu daban kafin a watse. Likitarmu ce ta nemi haka.

19 ga Afrilu

Yau muka ɗauki zuwan dangi. Falo cike, kowa da kyakkyawar niyya. Gwaggonta ta kama hannunta ta ce, "'Yar nan, faɗa mana komai ki sauke nauyin, in kin amayar za ki huta." Wani kawu ya ce a yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce, kada a sake tayar da shi. Umarni biyu masu karo da juna, ga kuma yarinyar da aka horar ta bi duk umarnin da aka ba ta. Jarumar ta yi ta juya ido tsakanin su biyun, bakinta na motsi ba sauti. Da na ce a yanke, ba wanda ya motsa na ɗan lokaci.

Shawarar gwaggon ta yi kama da abin da masana da kansu suka daɗe suna yi, wato zaunar da mutum jim kaɗan bayan masifa a sa shi ya zayyana komai a zama ɗaya. Bincike ya nuna hakan ba ya hana larurar firgici da ke biyo bayan masifa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina. Jagorar da ta fitar a 2011 kan taimakon farko ga wanda ya shiga tashin hankali ta tsaya ne a kan abu uku: ka duba halin da yake ciki, ka saurare shi ba tare da matsa masa ya yi magana ba, ka haɗa shi da abin da yake bukata. Magani na ƙwararru yana nan ga wanda larurar ta zauna masa, amma shi ma da yardarsa ake yi, a kan saurin da zai iya.

Terry Waite, wakilin babban limamin cocin Ingila wanda aka yi garkuwa da shi a Beirut ta ƙasar Lebanon a Janairu 1987 aka sake shi a Nuwamba 1991 bayan kwana 1,763, akasarinsu shi kaɗai a ɗaure, ba gida aka wuce da shi kai tsaye ba. Ya fara zama a wani sansanin sojan sama a Ingila. Ya sha kwatanta dawowa da tasowar mai nutso daga ƙasan teku, wanda idan ya yi gaggawa zai illata kansa. Yarinyarmu ba ta samu wannan sararin ba, daga mota sai tsakiyar falo, kuma ina so mai kallo ya ji shaƙewar.

2 ga Mayu

Fitowar da na rubuta fim ɗin dominta. Ƙanen ya gaji. Tun dawowarta kowa ke tafiya a kan yatsu, an hana shi ƙara sautin rediyo, an hana shi kawo abokai, kuma a ƙasan duk wannan yana ɗauke da abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, cewa shi ya saki hannunta ya gudu. Ya shigo ya tarar da ita zaune a inda ya saba zama ya yi aikin makaranta.

"Yaya, tashi, wurina ne."

Ta fara miƙewa, kamar kullum. Ta kai rabi ta tsaya.

"A'a."

"Shekara huɗu nan nake zama."

"Kafin nan ni ke zama. Ba zan tashi ba."

Sai cacar baki ta ɓarke, irin ta yaya da ƙane, ya ja littafi, ta ture hannunsa, ya ce ta cika son kai, ta ce ya cika rashin kunya. Uwar ta taso da gudu daga ɗaya ɗakin, ta kai bakin ƙofa, uban ya riƙe hannunta ya girgiza kai. Wannan ne abu na farko da ya yi wa 'yarsa da ya amfane ta tun dawowarta. Suka tsaya a bayan bango suna sauraron faɗa a kan kujera.

Yaron ne mutum na farko a gidan da ya ɗauke ta a matsayin wadda za a iya yi wa rashin kunya, kuma shi ya sa ta iya ce masa a'a. Furodusa ya so a ce alamar warkewarta ita ce uwar ta miƙa mata makullin gida. Na ƙi, domin a wannan hoton har yanzu wani ne ke ba ta, ita tana karɓa. Nan kuwa ba wanda ya ba ta komai.

Yaron ya yi wasan da ya fi abin da na rubuta. A wata ɗauka, bayan ta ce a'a, ya ɗan yi turus yana kallonta, murna da haushi suka gauraya a fuskarsa, sannan ya ci gaba da faɗan. Ita za mu yi amfani da ita.

30 ga Mayu

Muna ɗakin tacewa. Zubin farko ya haura sa'a biyu da rabi, kuma burinmu ya sauko ƙasa da sa'a biyu. Mai tacewa ta ba da shawarar a fara fim ɗin da matsattsen allo, a riƙa faɗaɗa shi yayin da yarinyar ke samun sauƙi. Mun gwada, ya yi kyau a ido, amma yana yi wa mai kallo alkawarin cewa sauƙi na tafiya gaba ne kawai. Bayan faɗan kujera da kwana biyu yarinyar za ta ji ƙamshin wani sabulu a jikin baƙo ta shige ƙarƙashin gado ta wuni. Allon zai zauna yadda yake daga farko har ƙarshe.

Kiɗa ma mun cire kusan duka. Ya rage a wuri biyu.

17 ga Yuni

Mun nuna wa likitarmu da wasu abokan aikinta biyu. Sun nemi a sa gargaɗi a farkon fim, a ƙarshe kuma a sa bayanin inda za a nemi taimako, kowace ƙasa da aka nuna shi da nata. An amince. Sun kuma ce likitar da ke cikin labarin ta cika sanin komai, tana magana kamar mai karanta littafi. Za mu rage maganarta, mu bar tambayar da take yi wa yarinyar a farkon kowane zama: a bar ƙofa a buɗe ko a rufe?

Inda aka rabu shi ne kan uban. Ɗaya daga cikinsu na ganin dole ya faɗa wa 'yarsa da bakinsa cewa ya cire rai da ita, in ba haka ba kunyarsa za ta zauna tsakaninsu har abada. Ɗayan na ganin wannan sauke kayansa ne a kan wadda nata ya ishe ta. Ni ina karkata ga ya faɗa, amma sai idan ita ce ta tambaye shi, kuma ban riga na samo abin da zai sa ta tambaya ba. Maganar ƙanen ma tana nan ba a warware ba, ko zai furta cewa ya saki hannunta, ko kuwa ita za ta ce masa ita ta ture shi ya gudu.

Masu gidan sun ba mu kwana uku a makon farko na Yuli don ƙarin ɗauka. Kafin nan sai shafukan uban sun kasance a hannun 'yan wasa, sannan a koma kan gyaran launi da haɗa sauti.